Ƙaramar Ƙwaryar Motun

Shagon ɗinkina yana Angwan Iya, bango ɗaya ne tsakaninsa da shagon kayan masarufin Folasade, wadda duk layin ke kira Maman Motun. Daga kan kekena ina ganin duk mai wucewa, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa cewa ina kallo ba. A cikin masu wucewar nan babu wadda na sani kamar Hamsatu mai nono.

Rugarsu tana can bayan Jigwada. Da can da ƙafa take shigowa Keffi, yanzu da gwiwa ta fara gardama sai ta hau acaɓa zuwa bakin gari, daga nan ta ɗora ƙwaryarta ta taka. Doguwa ce siririya, ba ta da yawan magana, ba ta kuma yin kiran nan na masu talla. Sai dai ta zo ta sauke ƙwarya a ƙarƙashin dalbejiyar da ke gaban shagunanmu, ta zauna, mutane su same ta. Ba ta tsinka nono da ruwa, ba ta ƙara masa kuka don ya yi kauri na ƙarya. Ma'aikatan da ke zuwa aiki Abuja sukan bar robobinsu a shagona, su dawo da yamma su ɗauka. Idan ka nemi ragi ba za ta yi musu da kai ba, za ta rufe ƙwaryarta da faifai ne ta kalli wani wajen har ka ji kunya don kanka.

Akwai wata ɗabi'a tata da na daɗe ina tsokanarta a kai. Kowace safiya, kafin ta kama hantsar saniya, sai ta zaga garken ta duba kashin kowace da fitsarinta. A wurin uwarta ta koya. Ta ce saniya ba ta da bakin faɗin inda ke mata ciwo, abin da ta zubar a ƙasa shi ne maganarta. Nakan ce mata, "Inna Hamsatu, ke da za ki sayar mana da abin sha, ki fara ranarki da leƙen fitsari?" Sai ta ce, "Shi ya sa kike sha kina ƙiba, Fadimatu." Kujerar kekena ma shaida ce.

Allah ya ba Hamsatu da mijinta Ɓoɗejo 'ya'ya maza zalla, kuma duk sun bi shanu ko sun bi gari. Ina jin shi ya sa zuciyarta ta sauka a kan Motunrayo, 'yar Folasade da Femi makaniki. Tun yarinyar tana rarrafe take kama bakin ƙwaryar ta miƙe tsaye. Da ta yi wayo, Hamsatu ta samo wata ƙaramar ƙwarya mai zane, ta ware mata. A cikinta ba ta zuba nonon garke na gama-gari, sai na saniyarta guda, Wule, wadda ta gada daga uwarta ta hanyar kakar saniyar. Nonon Wule ya fi na kowace maiƙo. Ba a sayar da abin da ke cikin ƙaramar ƙwarya, Folasade ta yi ta ƙoƙarin biya har ta gaji. Motun ta taso tana jin Yarbanci a gida, Hausa a layi, tana kuma gaida Hamsatu da Fillanci, abin da ke sa tsohuwar ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya.

A daminar da Motun ta cika shekara bakwai ne abin ya faru. Ta yi mura da ciwon maƙogwaro, irin wanda kowane yaro ke yi, ta warke, aka manta. Bayan 'yan kwanaki sai ta tashi tana ɗingishi. Idon sawunta biyu sun kumbura, gwiwa tana mata ciwo. Da Folasade ta tuɓe ta za ta yi mata wanka, sai ta ga ƙuraje sun feso daga ƙafafu har zuwa ɗuwawu, dama da hagu daidai, kamar an auna. A baƙar fata ba su yi ja sosai ba, sun yi duhu ne kamar ruwan zoɓo da ya bushe, kuma idan ka shafa za ka ji tudunsu a yatsa. Ba sa ƙaiƙayi sosai. Ƙirjinta da fuskarta kuwa fes.

Layinmu ba ya rasa likitoci marasa takarda. Wata ta ce ƙyanda ce, alhali yarinyar ta yi rigakafi. Wani ya ce kuɗin cizo ne, Folasade ta fito da katifa rana tana masifa da Yarbanci. Da ciwon ciki ya shigo, irin mai murɗawa ya saki, sai aka koma cewa sikila ce ta ɓoye sai yanzu ta bayyana. Har da mai cewa a tambayi malamin makarantarsu ko bulala ce, saboda wurin da tabon ya fito. Wannan ta ƙarshen na ce mata ta ɗauki ɗinkinta ta kai wani shagon, ban son mai ƙulla wa mutum sharri da safe.

Ana cikin haka Hamsatu ta iso. Ta sauke ƙwarya, ba ta ga Motun ta rugo ba, sai ta leƙa bayan shagon inda aka kwantar da ita a tabarma. Yarinyar ba ta iya taka ƙafa zuwa ban ɗaki, don haka a fo ta yi fitsari, ba a kai ga zubarwa ba. Idon Hamsatu, da ya saba, can ya fara sauka. Fitsarin ya yi launin shayi ba madara. Ina tsaye a wurin, na ga fuskarta ta sauya. Ta shafa kan yarinyar, ta fito, ta ɗauki ƙwaryarta cike yadda ta zo da ita, ta tafi, masu robobi suna kiranta ba ta waiwaya ba. A ranar Femi ya bar mota a buɗe a gareji ya kwashi matarsa da 'yarsa zuwa babban asibiti, aka ba su gado.

Washegari Hamsatu ba ta zo ba, haka jibi. Robobi suka taru a shagona har na fara mayar wa masu su da baƙar magana. A raina na ji haushinta ƙwarai. Yarinyar da kike cewa taki tana kwance a asibiti, ke kuma ki ɓace kamar an aiki bawa garinsu?

Ranar da na kai wa Folasade abinci asibiti, ina sauka daga Keke Napep sai na hango Hamsatu. Tana zaune a gindin wata bishiya a wajen ƙofar asibitin, babu ƙwarya, babu komai a hannunta. Mai sayar da lemo a wurin ta ce mini kullum nan take wuni, ba ta shiga, ba ta cin komai, la'asar ta yi ta tashi.

Na tsaya a kanta na ce, "Inna, wannan wane irin abu ne? Ga ƙofa, ga ki. Kuɗin shiga ake karɓa?"

Ta sunkuyar da kai. Sannan ta ce, "Fadimatu, ni na ba ta ciwon."

Da ƙyar na ciro maganar daga bakinta, don Bafillatana ta gwammace ta haɗiye garwashi da ta faɗi abin da ke cinta. Ashe kafin Motun ta kwanta, kaska ta yi yawa a garkensu saboda damina. Wata safiya Hamsatu ta zaga kamar kullum, ta tarar Wule tana fitsarin jini, jikinta zafi, ta ƙi kiwo. Ciwo ne da makiyaya suka sani, suna kuma tsoronsa, don yana kayar da saniya cikin ɗan lokaci. Tun daga ranar ba ta ƙara tatsar ta ba. Amma nonon shekaranjiya fa? An riga an tatsa, an dafa, ya kwana, kuma ta riga ta zuba shi a ƙaramar ƙwarya ta kai wa Motun, yarinyar ta shanye har tana lashe ludayi. Yanzu ga fitsari iri ɗaya a fo.

"Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe," in ji ta. "Na ga na saniya, na ga na yarinya. Me ya rage in tambaya?"

Ta ce ta daina sayar da nono har abada, wanda ake tatsa yanzu maruƙa take mayar wa. Ta kuma ce wa Ɓoɗejo, ranar kasuwar shanu ya kai Wule ya ba mahauta, ba ta son ta ƙara ganinta, ko da yake malamin dabbobi ya yi mata allura ta fara tashi. Duk haushin da na zo da shi ya zube, tausayinta ya kama ni. Kuma gaskiya ni ma tsoro ya shige ni, don maganarta ta hau kan hankali. Ni tela ce, me na sani game da ciwon shanu?

Abu ɗaya na sani, zama a gindin bishiya ba ya warkar da kowa. Na kama hannunta na ce, "Tashi mu je ki faɗa wa likita. In nonon ne, ai gara likitar ta sani ta san maganin da za ta ba yarinyar. Shirunki ba zai taimaki Motun ba." Wannan ce ta tashe ta. Ba don kanta ta bi ni ba.

Mun tarar da Motun a zaune a gado, ƙafafun a kan matashi, ciwon cikin ya lafa. Tana ganin Hamsatu ta miƙa hannu. Hamsatu ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi ƙarasawa. Folasade ta ce, "Ah ah, Inna, ina kika shiga? Yarinyar nan ta dame ni da tambayarki, abeg ki shigo." Likitar yaran, wata mai suna Angela, tana zagayen marasa lafiya a lokacin. Na tare ta na ce ga tsohuwa da magana. Hamsatu ta faɗi komai a gaban uwar yarinyar, muryarta ƙasa ƙasa, idonta a kan siminti. Folasade ta dafe ƙirji ta kalli likita.

Likita Angela ba ta yi dariya ba, kuma na gode mata da hakan. Ta jawo kujera ta ce Hamsatu ta zauna. Ta tambaye ta ko tana dafa madarar kafin ta yi nono, ta ce ko da yaushe. Ta tambayi ko wani a rugar ya sha na Wule a ranar, ta ce ita da Ɓoɗejo sun sha ragowar. Lafiyarsu ƙalau? Ƙalau.

"To Mama, ki saurare ni," in ji likita da Hausarta ta 'yan Filato. "Ciwon saniyarki, kaska ce ke sa shi, ta hanyar cizo. Ba ya bin nono. Madarar da ba a dafa ba tana iya kawo wasu cututtukan, shi ya sa na tambaye ki, amma wannan da ke jikin Motun ba ya cikinsu. Launin fitsarin ne ya zo ɗaya, ciwon ba ɗaya ba ne."

Ta ɗauki kofin gilashi ta danna a kan ƙurajen ƙafar yarinyar, ta ce Hamsatu ta matso ta leƙa. Tabon bai ɓace ba a ƙarƙashin gilashin. Ta ce wannan jini ne da ya ɗan tsiyaya daga ƙananan jijiyoyi, sirara fiye da gashi, waɗanda suka kumbura. Irin jijiyoyin nan suna cikin fata, suna cikin gaɓoɓi da hanji da ƙoda, shi ya sa ciwo ɗaya ya taɓa wurare huɗu. Abin da ke kumbura su kuwa garkuwar jikin yarinyar ce da kanta. Ta tashi yaƙi da ciwon maƙogwaron nan da aka manta, yaƙin ya ƙare, ita ba ta koma gida ba.

Hamsatu ta ɗago kai a karon farko. "Kamar karen ruga da ya kori kura, ya dawo yana cizon maruƙa?"

"Kusan haka," in ji likita.

Amma Hamsatu ba ta saba karɓar magana ba tare da ta ga shaida a ƙasa ba. Ta ce, "Ke a ina kika gani?" Likita ta ce a jikin yarinyar ta fara gani, don babu awon jini guda da zai ce ga sunan ciwon nan. Jinin yana taimakawa ne wajen kore sauran. An duba zazzaɓin cizon sauro, babu. An duba sikila, ba ta da ita. Ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare idan an yanke, waɗanda in sun yi ƙaranci yaro kan yi irin wannan tabo kuma abin ya zama babba, nata suna nan cike, har sun ɗan haura. Alamomin kumburi a jini sun tashi, fararen ƙwayoyin jini ma sun ɗan ƙaru, kamar yadda ake zato. Wani sinadarin garkuwa da suke kira IgA ya yi sama, shi ne wanda ke maƙalewa a bangon jijiyoyin, ko da yake ta ce a wasu yaran ba ya tashi sam. Awon aikin ƙoda kuma ya fito lafiya, duk da jinin da ke fita a fitsari.

"Ba ya yaɗuwa," ta ƙara. "Ba daga saniya zuwa mutum ba, ba daga yaro zuwa yaro ba. Ba abin da kika ba ta, ba abin da uwarta ta kasa yi."

Hamsatu ta rufe fuska da mayafi. Kafaɗunta suna rawa, amma ba ka jin sauti. Folasade, wadda ba ta iya kuka a ɓoye ba, ta rungume ta ta yi na su biyun. Ni kuwa na ji kamar an sauke mini buhun masara daga ka. Na juya ina gyara kwanukan abinci don kada a ga idona.

Likita ta bar mu muka natsu, sannan ta ce akwai sauran aiki. Yawancin yara suna warkewa sarai cikin makonni, ƙurajen kan iya tafiya su dawo kafin su tafi gaba ɗaya, kada a tsorata. Ƙoda ce abin lura. Za a riƙa kawo Motun ana auna fitsarinta da hawan jininta har wata shida ko fiye, ko da ta koma tsalle-tsalle, don wani jinin ido ba ya ganinsa sai awo. A gida kuma a riƙa duba launin fitsarin da safe, a lura ko yana kumfa, ko fuska da ƙafa sun kumbura.

Na kalli Hamsatu, ta kalle ni. Na ce, "Likita, kin samu ma'aikaciya. Wannan tun kafin a haife ki take wannan aikin." Har Hamsatu sai da ta yi dariya da hawaye a fuska.

Sai kuma ta miƙe zumbur, ta tuna gobe kasuwar shanu. Femi ya kira lambar Ɓoɗejo ya miƙa mata waya. Ashe tsohon bai da niyyar kai Wule kasuwa. Ya tura ta garken ƙaninsa tun ranar da ta yi maganar, ya yi shiru abinsa yana jiran matarsa ta huce. Ya ce ya zauna da ita tun tana budurwa, ya san rantsuwarta ta fushi da ta gaskiya.

Aka sallami Motun, kumburin ya saɓe, ƙurajen suka dushe. Sun sake fesowa sau ɗaya bayan ta yi wasan guje-guje, suka kuma tafi. Hamsatu ta dawo gindin dalbejiya, masu robobi suka daina damuna. Kowace safiya kafin makaranta Motun takan tsaya gabanta ta ba da rahoto da babbar murya, ko kunyar masu saye ba ta ji: "Inna, yau fari ne." Hamsatu ta gyaɗa kai da gaske ta ce, "Na Wule ma fari ne." Wani malamin jami'a da ke jiran nono ya taɓa tambayata me suke nufi, na ce masa ya sha abinsa kawai.

Sai dai ƙaramar ƙwarya ba ta dawo ba. Hamsatu takan auna wa Motun daga babbar ƙwarya kamar kowa, shi ma sai Folasade ta matsa. Folasade ta yi magana, na yi magana, na ce likita ta wanke ki, me kuma kike jira? Ta ce ta ji, ta kuma yarda, amma hannunta bai yarda ba tukuna. "Sai an sallame mu," in ji ta. Haka take faɗa, mu, kamar ita ma tana da kati a asibitin.

Damina ta wuce, aka yi girbi, aka shiga zafi. Ranar awo na ƙarshe Hamsatu ta zo da wuri, ta sayar da nononta duka, amma ba ta tafi ba. Ta zauna tana kallon bakin layi har rana ta take. Can sai ga Keke Napep, Motun ta diro tun bai gama tsayawa ba. Folasade tana biye tana ɗaga hannu sama, ta ce, "Inna, babu jini, babu komai. Ƙoda lafiya, awon jini lafiya. Likita ta ce mu je, Allah ya kiyaye gaba."

Hamsatu ta ce alhamdulillahi a hankali. Ta ɗaga faifan babbar ƙwaryar da muke zaton babu komai a ciki, ta fito da ƙaramar mai zane, an rufe ta da tsumma mai tsabta, cike da nono mai maiƙo a sama.

Na ce, "Inna, ashe da shirinki kika zo. Da likita ta ce da saura fa?"

"Da na mayar wa ɗan Wule," in ji ta. "Duk ranar awo shi yake shanyewa, har ya fi sa'o'insa ƙiba."

Ta miƙa wa Motun ludayi. Yarinyar ta durƙusa a gabanta ta fara sha, Hamsatu tana riƙe da ƙwaryar da hannu biyu har ta ƙare.